Abin da Na Gani a Hanyar Kanal

Zuwa ga sanyin ƙirjina, inuwar mangwarona a tsakar rani, ruwan da ake sakar wa busasshiyar fadama ta farfaɗo, mijina kuma abin tinƙahona, Badamasi.

Amincin Allah ya lulluɓe ka a gida da kan hanya. Ka ga na rubuta sunanka ɓaro-ɓaro, sunan da bakina bai taɓa iya furtawa a gabanka ba. Alƙalami ba shi da kunya irin tawa, shi ya sa yau na ari bakinsa.

Tun ranar da ka kawo ni gidanmu goyon ciki, Bunkure ta zame mini baƙon gari. Inna tana ta ɗawainiya da ni, amma na kasa sakewa. Kewarka ce? Ita ce, wallahi! Ina kewarka kamar yadda dashen shinkafa yake kewar ruwa ranar da aka toshe kanal ɗin ban-ruwa. Ina kewar ƙarar a-kori-kurarka a ƙofar gida, da ƙamshin ganyen tumatir da yake bin rigarka. Amma akwai wani abu a ƙarƙashin kewar, mai sanyi, mai nauyi, shi ne ya hana ni sakat. Sau nawa na kira ka zan faɗa? Da na ji kana dariya, kana tambayar ko ɗanka ya bar shurina, sai maganar ta narke mini a baki.

Ka tuna satin da na tare? Ka ɗauke ni a motar nan ka bi da ni ta kan gaɓar kanal, alkama ta yi kore shar dama da hagu, balbelu suna tashi a gabanmu kamar an watsa auduga a iska. Hannu ɗaya ka ɗora a kan sitiyari, ka san kowane rami da kowace kwalbati kamar a tsakar gidanku suke. Can sai ka taka birki ba dalili. Na duba ban ga komai ba. Sai ka nuna mini hawainiya tana tsallaka hanya da tafiyarta ta ƙasaita, tun daga nesa ka hango ta, ka tsaya har ta wuce. Ranar na ce a raina: wanda idonsa bai bar hawainiya ba, ni ba zan taɓa jin tsoro a gefensa ba. Ya hasken rayuwata, ina wannan idon yake yanzu?

Bari in faɗa maka abin da na gani ranar Talatar da ka kai ni awo birni, don ni ma ina cikin motar, kuma ba barci nake yi ba.

Lafiya lau muka bi titin Zariya har muka wuce Na'ibawa. Daga nan Kano ta buɗe baki ta haɗiye mu. Gada a sama, gada a ƙasa, hanya ta rabu kamar yatsun hannu, 'yan adaidaita sahu suna kutsowa ta ko'ina kamar ƙudan zuma an taɓa amya. Inda ya kamata mu bi ta ƙasa sai ka hau sama, muka tsinci kanmu a unguwar da ba mu nufa ba. Ka yi tsaki ka ce, “Garin nan kullum sai an sake masa fasali, wanda ya zo bara ma baƙo ne bana.” Na yi dariya, don gaskiya ka faɗa. Muka zagayo shataletale, ka sake wuce kwanar. Muka kuma zagayowa. A nan dariyata ta fara ƙafewa, don allon yana nan a hagunka, ƙato, da kibiya a jiki, ni da nake ɗaya gefen ina ganinsa.

Sai ka shiga wani titi da motoci suke fitowa kawai, ba a shiga. Jami'in hanya yana tsaye a hagunka ya ɗaga hannu, yana busa usur kamar zai tsage, ka wuce shi kamar turken wuta. Sai da motoci suka yo kanmu da oda, mutane suna ɗaga hannu suna zagi, sannan ka farga. Kana ƙoƙarin juyawa wani mai adaidaita ya goge madubinka na hagu, ka rantse cewa daga sama ya faɗo. Ba daga sama ya faɗo ba, masoyina. Ya daɗe a gefenka yana yi maka oda. Ka ba jami'in haƙuri, ya dubi cikina ya girgiza kai ya ce mu tafi. Na kalle ka kana lalubar hanyar fita, kai da kake shiga kasuwar 'Yankaba da kwandunan tumatir tun ban san ka ba.

A asibiti likita ta ce ɗan a gicciye yake kwance, da na ji alamar naƙuda kada a tsaya a gida, a taho birni. Ka buga ƙirji ka ce da hannunka za ka kawo ni, ko da wane lokaci ne. Da a ce bara ka faɗi haka, da na ji kamar an yayyafa mini ruwan sanyi. Ranar kuwa sai na tuna madubin da aka goge.

Da la'asar muka baro kwalta muka hau gaɓar babban kanal, don ka ce ta fi kusa. An saki ruwa daga madatsar Tiga a satin, kanal ya cika ya batse, ruwan ya yi duhu, yana tafiya shiru ba ko ƙara. Hanyar ba ta fi faɗin motarka da kaɗan ba, ruwa a damanmu, gangaren gonakin shinkafa a hagu. Sai ga Asta, Bafulatanar da take kai mana nono Kura, ta hauro daga gangaren da ƙwarya a kai da goyo a baya. Jan mayafi ne a jikinta, Badamasi, ja kamar nunannen tattasai! Na jira ka rage gudu. Na jira ka danna oda. Fuskarka tana kallon gaba, a natse, har kana ba ni labarin farashin albasa. Sai da na ƙwala ihu na kira sunan Allah sannan ka juyo da wuyanka gaba ɗaya, ka gan ta, ka fizgi sitiyari dama.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Har yanzu in na rufe ido ina jin yadda motar ta karkata, ƙasar gaɓar tana zubewa a ƙarƙashin taya. Na leƙa ta tagata ban ga ƙasa ba, ruwa kawai na gani, da fuskata a cikinsa tana rawa. Ɗan cikina ya dunƙule wuri ɗaya ya yi tsit. Ƙwaryar Asta ta fashe, nono ya malale a kan hanya, ita kuma ta durƙushe ta rungume goyonta. Masu cirar ciyawa suka yo gudu daga gonaki, suka zaro ni ta ƙofarka. Hammadu mijin Asta ya koro bijimai biyu, aka ɗaura igiya, da ƙyar da salati aka jawo motar.

Da aka tambaye ka, sai ka ce, “Rana ce ta kashe mini ido.” Kowa ya gyaɗa kai, aka ce Allah ya kiyaye gaba. Amma ranar a bayanmu take, ya abin ƙaunata. Inuwar motarmu tana miƙe a gabanmu, doguwa, har ta taɓa ƙafar Asta kafin mu isa gare ta.

Tun daga ranar nake ta tsinto abubuwan da na gani na kawar da kai. Butar da kake yawan tuntuɓe da ita in tana hagunka. Kafaɗarka da take bugun ƙyauren ɗaki. Yadda in na zauna ta wannan gefen sai ka juyo da jikinka duka kafin ka same ni, ni kuma ina jin daɗi, ina zaton tsabar so ne. Sannan na tuna Baba Dattijo, mahaifinka, da yake zaune a zaure yau ba ya bambance dare da rana. Kai da bakinka ka ba ni labari cewa ba ciwo ya yi ba, ba ja idon ya yi ba, da karo da bakin ƙofa ya fara. Wayyo ni! Ashe abin da ya cinye hasken uban ne yake laɓe a gefen ɗan, yana ci a hankali kamar gara a cikin azara?

Na je ɗakin shan magani na nan garin, na tambayi ma'aikaciyar jinya ba tare da na kama suna ba. Ta ce akwai ciwon ido da yake farawa ta gefe, ba zafi ba ƙaiƙayi, kuma yana bin jini. Ta ce abin da ya riga ya tafi ba ya dawowa, amma in an je da wuri ana iya tsare abin da ya rage. Ta riƙe hannuna ta ce, “Ko wane ne, kada ya kai wata bai je ba.” Ni ba likita ba ce, mai yiwuwa ba shi ba ne. Ya Allah ka sa ba shi ba ne! Amma wa zai faɗa mana in ba ka je an duba ba?

Na san abin da kake tsoro. Kana tsoron a ce ka ajiye mukulli ana tsakiyar kakar tumatir, a ce Badamasin da ake nuna wa yara a tasha ya zama abin tausayi. Kana ganin in ba mota ba kai. To ni ba mota na aura ba! Ka kuma tuna ba kai kaɗai kake hawa gaɓar nan ba. Kullum da safe kana cika bayan motarka da mata masu tsinkar tumatir, har da Saliha ƙawata, suna waƙa suna tsokanarka, sun miƙa maka rayukansu don sun san idonka. Wane ido suka sani? Na bara. Kowace safiya in na ji ƙarar mota daga nesa sai in ajiye abin da yake hannuna in kasa kunne, ina jiran ihu daga wajen kanal. Yaushe zan daina wannan jiran? Kuma ranar da naƙuda za ta zo, a wace mota zan shiga, ta wace hanya, da ɗan da yake kwance a gicciye?

Saboda haka na yi abin da na san zai ɓata maka rai, kuma gara ka ji daga gare ni. Jiya Yaya Hambali, babban wana, ya zo gaishe da Inna, na durƙusa na faɗa masa komai. Ya ce shi ma ya lura da idonka tun a gonar albasa, jin nauyinka ne ya hana shi magana. Ranar Alhamis da hantsi zai zo Kura. Shi zai tuƙa, kai za ka zauna a inda na zauna, ku tafi asibitin ido. Ya kuma ce zai riƙa kai matan gona har a ji abin da likita zai ce. Kada ka yi masa musu, don girman Allah. In fushi za ka yi, ni ce mai laifi, ka yi da ni. Ka ƙaurace wa wayata, ka ƙi cin abincina, duk zan ɗauka. Fushinka kana raye ya fi mini daɗi a kan yabon da za a yi maka a zaman makoki.

Ya raɓar safiyata, ya tattabarar da ta yi sheƙa a ƙirjina, ka ji alkawarina. In an ce magani ne, ni zan riƙa ɗiga maka shi safe da yamma har tsufa. In an ce ka bar tuƙi, ga gonarmu ta bakin ƙaramin kanal, ƙasa ba ta tambayar mutum da wane ido yake ganinta, kuma ni 'yar manoma ce, na iya dashe na iya shuka. In ma abin ya fi haka, Allah ya kiyaye, kafaɗata tana nan, ba zan gaji da hannunka a kanta ba. Abu ɗaya ne ba zan iya ba: in tsaya a bakin ruwan nan ana lalube da gora ana neman ka.

Gwaggo Saude ce za ta kawo maka takardar nan, ba ta san abin da yake ciki ba. Kafin ka ninke ta, ina roƙon abu ɗaya. Ka shiga ɗakinmu ka turo ƙofa, inda ba wanda za ka ji kunyarsa. Ka rufe idonka na dama da tafin hannu, ka dubi ɗakin da ɗayan. Abin da ka gani da abin da ba ka gani ba, tsakaninka da Ubangijinka ne. Bayan nan ka ɗauko mukullin motar ka ajiye wa Yaya Hambali.

Ni ce taka, a haske da akasinsa, yau da gobe har ranar da za a mayar da ni ƙasa,

Muhsina.