Da Gyara Na Zo Jidda, Umma

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifiyarta, da fatan Allah ya sa kina cikin ni'imarsa, na rubuto ne in sanar da ke cewa ina garinku. Yau kwanana huɗu a Jidda, kuma har yanzu in na farka sai na leƙa waje na tabbatar.

Na san abin da za ki fara tambaya: da wane kuɗi? Kin san albashin malamar jami'a, kin kuma san abin da kujerar jirgi ta zama, tunda ita ta hana ki dawowa garin da aka haife ki har Allah ya karɓi abinsa. Amsar za ta yi miki daɗi fiye da kowa. Da gyara na zo, Umma.

Kin tuna yadda kike yi a Kasuwar Rimi? An gama ciniki, an ɗaure miki tumatir a leda, amma ba za ki motsa ba. Sai ki miƙa hannu ki ce, "Ba gyara?" Mai tumatir ya yi ƙunƙuni, ya jefo biyu. Ni kuwa ina gefe cikin kayan makaranta, ina kallon ƙasa, ina addu'a kada wata 'yar ajinmu ta wuce. Ranar da na yi miki magana a hanya, ko juyowa ba ki yi ba, kika ce, "Malama, ai da ita ya auna. In na bar masa, ba gode min zai yi ba."

To, ashe kamfanonin jirgin sama da manyan otal-otal su ma suna yin gyara. Sun dai canza mata suna, suna ce mata maki, sun buga mata kati mai ƙyalli. Duk tafiyar da mutum ya yi sai su jefo masa tumatir biyu a cikin waya. Ki tara, ki tara, wata rana su ce ya isa kujera.

Shekara biyar ina tarawa. Kin san tarurrukan nan da ake tura mu ƙasashe mu karanta takarda a gaban mutum goma sha biyu, rabinsu na gyangyaɗi. Masu taro ke biyan jirgi, makin kuwa nawa ne. Na liƙe wa kamfani ɗaya, ko da zai ajiye ni awa bakwai a wani filin jirgi ina kallon turaren da ba zan saya ba. Otal ma haka, iri ɗaya nake nema duk garin da na je. Abokan aikina suka sa min suna Hajiya Maki. Masu tambayata yadda na yi, ga shi nan duka, ba wani sirri: naci ne, da zaɓen lokacin da ba azumi ba, ba aikin hajji ba, da yarda ka tashi ranar Talata. Biza ce kawai da harajin filin jirgi suka ƙi karɓar gyara, waɗannan na biya ina ɓata rai kamar mai tumatir.

Da na haɗa komai sai ya ba ni kujera zuwa da dawowa, da kwana uku a wani otal na bakin teku, irin wanda ko ruwan roba ba zan iya saya a cikinsa ba. A nan ne na yi miki laifi, kuma gara ki ji daga bakina.

Ban manta da wasiyyarki ba. Kin faɗa min ita a asibiti, kin kuma faɗa tun kafin asibiti: "In Allah ya kai ki Jidda, gidan Asabe za ki sauka. Ko takalmi kada ki cire a wani wuri." Ƙanwarki ɗaya tilo, wadda kika bari a unguwar Nuzla tana budurwa kika bi Baba zuwa Kano, shekara arba'in ba ku sake haɗa ido ba. Na taso ina jin muryarta a kaset ɗin da alhazai ke kawo miki, daga baya a waya. Na sanar da ita ranar da zan iso. Ban faɗa mata zancen otal ba. Dabarata ta 'yan boko ita ce in sauka can, in yi wanka, in huta, in zo mata da la'asar fes, in yi bayani a hankali.

Da na yi shiru da komai ya tafi daidai. Amma Umma, ɗakin. Yarinyar da ke karɓar baƙi ta duba katina ta ce an ƙara min girma, an mayar da ni hawa na goma sha tara. Na buɗe labule sai ga Bahar Maliya kwance a gabana, shuɗi har inda ido ya tsaya, ga titin Kurnish a ƙasa motoci kamar ƙwaro. Gadaje biyu, kowanne ya ishi mu huɗu yadda muke kwana a gida. Tawul ya fi bargona kauri. Na yi rawa ni kaɗai, mace mai digiri uku, sannan na ɗauki hoto na tura zauren danginmu na waya.

Na manta Hala Asabe tana cikin zauren. A nan ba a cewa Inna, Hala ake cewa.

Ko minti ashirin ba a yi ba saƙon murya ya shigo. Muryar kaset ɗin nan ce, a sanyaye. "Marhaba da baƙuwar funduƙ. Mun gani a talifon kamar yadda kowa ya gani. Allah ya sa katifar da laushi. Halas." Funduƙ ɗin nan otal take nufi. Na kira sau shida ba ta ɗauka ba.

Na hau tasi da azahar, zafin nan naku mai ɗanko yana manna min abaya a baya. Direba ya ajiye ni a bakin lungu ya ce mota ba ta shiga. Da kwatancenki na gane gidan: a wuce mai gasa gurasar tamis, a bi hagu, ƙofa ta uku. Mai gurasar yana nan, ko ɗansa. Ƙofar ce ta tashi daga katako ta koma ƙarfe. Na'urorin sanyi suna ɗiga a kan mutane daga sama, maguna sun fi na Kano ƙiba da rashin kunya, wata tsohuwa na sayar da gyaɗa tana ciniki da Hausar da rabinta Larabci ne. Na ji kamar na shigo cikin labarin da kike ba mu.

Su'ad ce ta buɗe min, autar Hala, mai aiki a kantin magani. Tana jin Hausa sarai, amma in za ta mayar sai ta yi ta laluben kalmomi. Ta rungume ni, ta raɗa min cewa kwana biyu ana girki, an sayi sabuwar katifa, an gaya wa duk matan lungun 'yar Yaya za ta sauka a gidan. Yanzu kuma duk sun ga hoton.

Da na ga Hala, Umma, fuskarki ce. Har ɗan karkata kan nan da kike yi in ranki ya ɓaci. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da Larabci. Ta sa aka kai ni ɗakin baƙi, aka shimfiɗa min darduma mai kyau, aka kawo gahawa a ɗan ƙaramin kofi da dabino a faranti. Ta zauna nesa tana tambayata hanya da aiki, duk da Larabci, Su'ad na fassarawa kamar a ofishin jakadanci. Matar da ta shekara talatin tana zagin maƙwabtanta da Hausa a kaset. Ina jiyo ƙamshin miya daga kicin, amma ƙofarsa a rufe. Ban taɓa sanin ana iya korar mutum da karramawa ba sai ranar. Na ga abin da ke shirin faruwa: in sha gahawa, in ajiye tsaraba, in koma Kano na ziyarci wata dattijuwa mai mutunci, ke kuma na rasa ki karo na biyu.

Na fara bayani irin na aji, tsarin maki da ka'idojinsa. Su'ad ta gaji da fassara. Sai kawai na bar ta, na dubi Hala na ce da Hausa, "Hala, ban biya ko sisi ba. Gyara ce suka ba ni."

Sai ta tambaya, da Hausa tsantsa, "In kin bar musu, za su mayar miki?"

Na ce a'a, ya tafi kenan.

"Gado nawa?"

Na ce biyu.

"Da abin karyawa?"

Na ce na mutum biyu, kullum.

Ta dafa gwiwa ta ce, "Su'ad, ɗauko min abayata. Yaya ba za ta yafe mana ba in muka bar musu." Ashe tun kuna yara haka kike. Ta ce a kasuwar kifi akwai wani Bayamane da in ya hango ki sai ya ware ƙananan kifi biyu a gefe, don ya san ba za ki tafi ba.

Amma fa ba ta sauko kyauta ba, ta yanke hukunci. Ta ce mutum inda akwatinsa yake nan ya sauka. Don haka muka je otal mu uku, muka ɗauko akwatina, muka dawo Nuzla bayan la'asar, lokacin da kowa ke bakin ƙofa. Ta hana direba taya mu. Ni na ja shi tun daga mai gurasa, tayoyinsa na ƙara, ita tana gaba tana tafiyar amarya, tana tsayawa a kowace ƙofa: "Ga 'yar Yaya ta sauka. Kamfani ne ya tsare ta da safe, sha'anin manyan ma'aikata." Aka kai akwati ɗaki, aka ɗora shi kan sabuwar katifa. Muka ci shinkafa da kifi da miyar da aka kwana biyu ana yi. Bayan magariba ta sa kayanta a 'yar jaka ta gaya wa maƙwabta za ta raka ni shan iska. Shan iskar kwana uku.

Da ma kin ga ƙanwarki a lif, ta riƙe hannuna tana salati a kowane hawa. Da ma kin gan ta ta cika bahon wanka ta hana kowa shiga awa guda. Da aka kunna ruwan nan mai tashi sama daga cikin teku, ta ce ita duk zamanta daga ƙasa take ganinsa, ashe daga sama ya fi kama da abin hankali. Da safe ta zagaya teburin abinci sau biyu kafin ta ɗauki faranti, kamar mai duba gona. Ta ci fulu, dafaffen waken nan nasu, ta ce bai kai na lungunsu ba, ta ƙara. Ƙananan kwalaben zuma kuwa, ban ga lokacin da suka shiga jaka ba, na dai ji jakar na ƙara in tana tafiya. A da da na nutse don kunya. Wannan karon ni na miƙo mata na teburin kusa.

Mun yi yawo da ƙafa a tsohon gari, inda kallo kyauta ne, ta nuna min gidajen nan masu tagogin katako, da lungun da kuke sayen alawa. Mun ci tsire a wurin wani Bahaushe, ta ce a nan siriya suke ce masa, har Larabawa na layi.

Safiya ta biyu na same ta tsaye a taga, ta manna goshi a gilashi tana kallon kudu. Can nesa ana hango ƙarafan ɗaga kaya na tashar jiragen ruwa. Ta ce nan kakana ya sauka da niyyar hajji ɗaya, nan ya yi dako har bayansa ya lanƙwashe. Shekararta sittin a garin nan ba ta taɓa ganin wurin gaba ɗayansa ba. Sannan ta ce, "Gadon nan na biyu ai na Yaya ne. Ni aro na yi." Na je na haɗa mana shayi.

Yau da hantsi muka miƙa musu katin ɗakinsu muka dawo Nuzla. Na cire takalmi, na nufi ɗakin baƙi da ladabina. Sai na ji murya daga kicin, ƙofa a buɗe: "Ke, ina za ki? Baƙuwa ce ke? Zo ki yanka min albasa, kin wani tsaya kamar uwarki." Ta miƙo min wuƙa marar kaifi, ta ce yankana ya yi kauri, ta ce duk karatun nan ba a koya mana komai ba. Na tsaya ina yanka ina hawaye, kuma kowa ya yarda albasa ce.

A kan sabuwar katifar nake rubuta miki wannan, kusa da akwatina. Sauran kwana shida a nan zan yi su. Gobe in Allah ya kai mu za mu tafi Makka ni da Hala mu yi umra, ta ce ita za ta nuna min inda kuke zama kuna yara.

Ki yafe min takalmin da na cire a wani wuri. Ki yafe min kallon ƙasan da na riƙa yi a kasuwa.

Allah ya jiƙanki, Umma, ya haskaka makwancinki, ya yafe miki kurakuranki. Ya auna miki ladanki da mudu a cike, ya kuma ƙara miki daga falalarsa ba tare da kin miƙa hannu ba. Ya haɗa ki da Baba da kakanninmu a Aljanna, ya ba Hala tsawon rai da lafiya. Amin.

Taki har kullum,
Malama,
daga gidan Hala Asabe, Nuzla.