Kwalbar da Baba Ya Rataya a Iska

Phan Rang, 9 ga Afrilu.

Zuwa ga Yayana Khiem,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Loan da 'yarku, ya kuma kare ku daga sanyin Melbourne da kake ta kuka da shi. Mu nan lafiya lau. Gwiwar Mama ta yi sauƙi har ta koma zuwa coci da ƙafa, tumakin Kawu Bay sun haihu, iska kuwa tana nan yadda ka bar ta, ba ta barin hula a kan kowa.

Ka tuna abin da muka tsayar ni da kai a waya. Mun ce Uwargida Tuyet, mai gidan abincin nan na Nha Trang, za ta zo ta ɗanɗana giyar inabin Baba. In ta karɓa, gona ta tsira. In ta ƙi, a tuge inabin a shuka magarya kamar yadda duk maƙwabta suka yi. To, ta zo ranar Asabar, kuma abin da na gani ya fi ƙarfin waya, shi ya sa na ɗauki biro.

Na bi umarninka kaf, tunda kai ne mai zuba wa manya giya a ƙasar Turawa. Ka ce jar giya ba a sanyaya ta, a bar ta da ɗumin ɗaki, a buɗe ta tun da wuri ta sha iska, a haɗa ta da jan nama. Na aro manyan kofunan gilashi masu dogon wuya, na sa Mama ta gasa naman rago, na ajiye kwalbar a kan tebur tun ƙarfe goma. Baba kuwa na roƙe shi ya zauna shiru, kada ya ba mu kunya. Da rana ta take baƙuwa ta iso. Ta kurɓa sau ɗaya, ta yamutsa fuska, ta tambaye ni wai giya ce wannan ko maganin tari muka dafa mata. Na kurɓa ni ma, sai na ji zafi ya hau mini hanci, ga ɗaci, ga wari kamar na 'ya'yan itacen da suka kwana a mota. Yaya, ɗakin da littattafanku ke nufi ba namu ba ne. Ka manta kwanon rufinmu, wanda ko ƙadangare ba ya iya takawa da rana? Na ga gonar nan ta tafi, kuma da hannuna.

Har baƙuwa ta ɗauki jakarta, sai Baba ya miƙe. Ya ce mata, "Haba 'yata, kin sha hanya, ki ba tsoho rabin awa mana, ko motarki ta huta." Ya ɗauko wata kwalbar, ya naɗe ta da tsohon tawul, ya tsoma a randa, ya rataye ta da igiya a ƙarƙashin rumfar inabi, daidai inda iskar teku ke ratsowa. Ya ce Mama ta kwashe naman, ta gasa kifin da aka kawo da safe, ta yanka ɗanyen mangwaro da gishiri da barkono. Na raɗa masa cewa jar giya ba ta tafiya da kifi, Yaya Khiem ya faɗa. Ya dube ni ya ce wai wa ya kai wa Khiem ƙara, kifin ko giyar? Ya ce inabinmu ba na ƙasar sanyi ba ne, giyarsa marar nauyi ce, iskar da kifin nan ya sani ita ta reni inabin. Kofunan aro ma ya ture su, ya kawo ƙananan kofunan shayinmu.

Ban san yadda zan kwatanta maka ba. Tulu ɗaya, giya ɗaya, amma wallahi kamar an canza ta. Ta yi sanyi kaɗan, irin na ruwan rijiya. Ɗacin ya kwanta, tsami mai daɗi ya taso, ƙamshin inabi ya fito sarai, kuma kowace kurɓa tana wanke maiƙon kifin da zafin barkono, sai ka ji kana son wata lomar. Shekara talatin ina wuce tulunan nan da Baba ke haɗa giya a ciki ina toshe hanci, ban san abin da ke cikinsu ba. Uwargida Tuyet ta shanye kofinta, ta miƙo a ƙara mata. Daga baya ta ce ta sha ta Faransa, ta sha ta Chile, ashe wadda ta dace da kifinta tana nan tafiyar awa biyu daga ƙofarta. Ta ce za ta karɓa, kuma haka za a riƙa ba baƙinta, da sanyinta, tare da kifi.

Sai ta tambayi Baba yadda yake gane giya ta yi. Ya yi 'yar dariya ya ce ai shi tun zazzaɓin da ya kwantar da shi shekara biyu da suka wuce harshensa ya mutu, gishiri da sukari duk ɗaya ne a bakinsa. Wai kunne yake karawa a jikin tulu ya saurari yadda take tafasa, ya dafa ya ji ɗuminsa, ya ɗebo kaɗan ya duba launinta a hasken safiya. Mama ta sunkuyar da kai, ashe ta sani. Ni kuwa shekara biyu ina dafa masa abinci ina tambayarsa, yana cewa ya yi daɗi. Na fita bayan gida na yi kuka, na mamaki da na kunya.

Da baƙuwa ta tafi, ya kira ni ya ce kunnen ma ya fara yi masa gardama, yana bukatar harshe. Tun ranar kullum da safe muna wajen tuluna, ni ina kurɓa ina faɗa masa abin da na ji, shi yana zagina wai bakina kamar na saniya, komai daɗi ne. Na aika wa mai taraktar da zai tuge inabin kada ya zo. Aikin kantin da ka nema mini a Saigon ma na ce su ba wani. Ban shawarce ka ba, na sani, in za ka yi faɗa ka yi da ni.

Mama tana gaishe ka, da Kawu Bay da Gwaggo Sau. Ka gaida Loan, ka sumbaci ƙaramar Ngan. Baba bai ba da saƙo ba, sai dai ya ware kwalba ɗaya ya ce a ajiye maka. Ya ce kai ne ka yi karatun abin, yana so ka zo ka kurɓa a gabansa, ka faɗa masa yadda giyarsa take.

Taka ƙanwa har kullum,
Dieu