Ruwan da Ba Ya Hawa Dutse

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kai da iyali kuna lafiya.

Yaya, yau ba ƙaninka ne ke rubuto maka ba, shugaban makarantar da ta yaye mu ne. Ka san dokarta tun kafuwa: ko ramin gyare ba a haƙawa a harabarta sai ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta sa hannu, kai ne kuma shugaban ƙungiyar. Famfo nake so a jawo daga rafi. Har gobe yaranmu da asuba suke gangarawa gindin dutse da bokiti, su hawo suna haki, rabin ruwan a jikinsu, su shiga aji suna gyangyaɗi. Sauran makarantu biyun da ke kan dutsen nan, waɗanda muke yi wa kallon ƙanne, duk sun sa famfo, iyaye kuwa sai kwashe 'ya'yansu suke zuwa can. Hukuma ta ce in ɗalibai suka ƙara raguwa bana, za a haɗe mu da ɗayarsu, sunanmu ya shafe. Injin jawo ruwan ma muna da shi, yana sito yana shan ƙura.

Ka huta lafiya.
Autanku

*

Zuwa ga Auta,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, sai godiyar Allah.

Na karanta wa kwamiti takardarka. Wallahi wasu har da ƙwalla. Bokitin nan da kake rainawa shi ya fitar da alƙalai da likitoci. Ka manta abin da Mai Sanda, tsohon shugabanmu, yake faɗa, cewa wanda bai ɗauko ruwansa ba bai san darajar wanka ba? Matakalan nan ƙafafunmu ne suka goge su har suka yi santsi, tarihi ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Iyayen da ke neman gata su tafi, mu maza muke ƙerawa.

Allah ya yi maka jagora.
Yayanka, Shugaban Ƙungiya

*

Yaya,

Ina gaisuwa, amma raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba.

Santsin da kake alfahari da shi ne ya kayar da wani ɗalibi makon jiya. Uwarsa ta zo ta ɗauke shi da hannu a ɗaure, ta haɗa da ƙaninsa. Na ce mata Hajiya a yi haƙuri, ta ce, "Malam, karatu na kawo su ko aikin jaki?" Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku kuna can kuna ƙwalla a kan kujeru masu laushi. Taron bara, wane ne a cikinku ya hau dutsen nan da ƙafa? Kai kanka, da ka zama babban ɗalibi, wa ke ɗauko maka naka ruwan? Wuyana bai manta ba.

To ga shawara. Babban ɗanka yana gama firamare bana. Na ajiye masa gadon da ka kwana, na bakin taga, da sabon bokiti. Turo shi, ko ɗalibi ɗaya ma yanzu rufin asiri ne gare mu. In ya yi zango guda ya ce a bar bokitin, na yi shiru har abada.

A gaida Anti da yara.
Auta

*

Auta,

Sallama da fatan alheri.

Game da yaron, uwarsa ta ce ƙirjinsa ba ya son sanyin asuba. Mun riga mun sama masa gurbi a makarantar da ke maƙwabtaka da ku. In ka sami sarari ka riƙa leƙa shi, ai ba nisa. Batun famfo kuwa, kwamiti yana nan a kan bakansa. Don Allah kada tarbiyyar makarantarmu ta lalace a hannunka.

Wassalam.
Yayanka