Ya Mayar Da Ciwona Sunan Tsokana

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni.

Ni ɗan garin Dogo ne. Bara na shiga Damagaram rubuta konkur, jarrabawar ɗaukar malaman lakwal, wato makarantar boko. Na yi karatu, wallahi na yi. Amma ina isa bakin ƙofa sai gabana ya yanke ya faɗi, hannuna na rawa, numfashi ya ƙi fita. Ba tsoro ba ne fa. Tsoro kana ganin abin da ke korarka. Wannan fargaba ce, ba kowa ba komai, ƙirjinka kawai ke dukan uku-uku. Na zauna gindin iccen bedi har aka tashi, ko biro ban buɗe ba. Na koma gida na ce wa Baba na rubuta. Da sakamako ya fito babu sunana, shi ya riƙa lallashina, wai rabona na gaba. Kunyar wannan har yau ba ta sake ni ba.

Mutum ɗaya na faɗa wa, aminina na ƙuruciya da ke zaune unguwar Kara-Kara a Damagaram. Ina faɗa ina hawaye. Ya dafa ni ya ce, "Haba ɗan'uwa, maganar nan ta mutu a cikina." Ashe cikin nasa rariya ce. Da Sallah na je fadarsu ta samari shan shayi, ina sallama wani ya ce, "A ba Mushe Fargaba kujera kar ya faɗi!" Mushe ɗin nan kiran da muke wa malamin lakwal ne. Aka kwashe da dariya, har da shi, yana kwaikwayon yadda hannuna ke rawa. Wannan ne amini? Me na taɓa yi masa?

Yanzu sunan ya iso Dogo, har an san daga bakin aminin nawa ya fito. Jiya Baba ya dawo daga gona ransa a ɓace, ya ce, "Ɗana da ya zauna jarrabawa gaban manya za a ce wa mai fargaba? Ran Juma'a ka raka ni wurin uban yaron nan, ya maimaita a gabana."

Ya kuwa maimaita, zai faɗi har bedin da na zauna. Yau Laraba, kuma tun jiya gaban nawa bai daina faɗuwa ba. In riga shi faɗa wa tsohon da ke shirin kare ni? Jama'a, me zan yi?