Jan Yadin Baba

Huddersfield

Zuwa ga ƙanena Desmond,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya kai da iyali a can Ostareliya, Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan kalau muke, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa. Wallahi ina kewarka, har yau idan na haɗa shayi sai na ɗauko kofinka.

Maganar Baba ce ta sa na rubuto. Ƙungiyarku ta masu kwaikwayon yaƙin Waterloo ta roƙe shi ya ɗinka wa sababbin shiga jan kwat na soja, ga shi masaƙar da yake sayen ulu ta rufe. Mun sha yawon neman wani ulun, ƙanena. Duk ƙyallen da aka aiko sai ya kai shi bakin kyandir. Na gaskiya warin gashi yake yi, waɗannan kuwa narkewa suke kamar leda, ya ce ba zai sa wa ɗan wani rigar da tartsatsin bindiga zai manna masa a fata ba. Wanda ya tsallake wuta kuma sai ya sa masa almakashi, don ulun sojojin wancan zamani ba a kalmashe bakinsa, yankewa ake a bar shi haka. Duk zarewa suka yi.

Shugaban ƙungiya ya san akwai ragowar na ainihi a akwatin Baba, daidai kwat ɗaya. Ya yi magiya har ya gaji, Baba ya ce naka ne, sai ka dawo ya auna ka da hannunsa. Ka san taurin kansa, a wurinsa ka gada.

To idonsa ya tafi sosai, ja da baƙi ma ba ya rabewa. Ranar Lahadi na tarar ya shimfiɗa yadin yana yanka da lalube. Na ce ya bari ka aiko awonka, ai ka yi tumbi. Bai ko ɗago ba, ya ce, "Idan na jira ba zan iya ba. Hannuna bai manta kafaɗarsa ba."

Na san ba zai shige ka ba. Kada ka aiko awo, ka zo da kanka ka sa shi ko da maɓalli bai haɗu ba, ka tsaya ya shafa.

Ka gaida Nerys da su Callum da Bronwen. Goggo Hilda tana gaishe ka.

Yayarka,
Maureen