Zoben Baikon Habibu

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da maigida da yara. Yaya jikin Inna?

Iyayen yarinyar da ɗanmu Habibu ke nema sun ce a Jidda ba a baiko sai da zoben zinari. Na zaga kasuwar Bab Makka, mafi arha zai cinye kuɗin da na tara don zuwa duba Inna. Na ce almubazzaranci ne, Habibu ya ce, "Halas, shi ke nan, Umma, na haƙura da ita." Ban sani ba ko tsoron Allah ne ya sa na faɗa, ko son kaina. Na biya.

Ki sanar da Inna a hankali, bana ma ba zan zo ba. Ta yafe mini, ku sa ni a addu'a. A gaida kowa.

Ƙanwarki,
Hajara