Shuɗiyar Waya a Ƙarƙashin Tebur

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da jariri. Ni ce Auta. Na ba Direban motar kaya wannan takarda ya kawo maka, don wayar gidan ta Umma ce, kuma ba na so ta ji. Ka san ni, a baki magana ba ta fito mini.

Kawu, an dakatar da Umma daga aiki na mako biyu.

Ka san wurin gwajin jinin da take shara, ginin nan mai hawa uku. Wata biyu ke nan, duk Asabar da safe sai kwamfutocin wurin su daina magana da juna. Na'urar gwaji ta gama aikinta a sama, amma sakamako ya ƙi saukowa teburin Mai Rajista. Mutane su cika benci, wasu ko karyawa ba su yi ba saboda gwajin. Akwai wata tsohuwa da ta zauna har sha ɗaya, jikarta tana yi mata fifita da kati. Daga nan kuma sai abin ya warke da kansa.

Manaja ya ce ruwan Umma ne yake shiga wayoyi, don ranar Asabar ake wanke daɓen ginin duka. A gabana ya ce mata, "Kina jiƙa ƙasa mu tsaya, ƙasa na bushewa mu tashi. Wannan sai an kira mai digiri?" Umma ta ce, "Ranka ya daɗe, shekara shida ina wanke ginin nan." Ya ce ta zauna a gida a gani. In abin ya daina, to shi ke nan, kada ta dawo.

Wallahi Kawu ruwa ba ya taɓa waya. Ni ce shaida, don tun da na gama firamare nake binta duk Asabar. Ni nake shiga gaba ina ɗage kujeru da wayoyi daga ƙasa kafin ta zo da bokiti.

An kawo wata Injiniya. Ta buɗe ƙaramin ɗakin da ke ƙarƙashin bene, ta ga wani akwati mai ramuka da yawa da fitilu koraye, duk ƙura. Ta ce sunansa suwic, kuma ya tsufa, a kawo na zamani. Na ji tana cewa sabon yana faɗar inda matsala take. Kai da aikinka ke nan, da gaske ne? Zai wanke Umma?

Ka gaida Anti.

Taka,
Auta

*

Zuwa ga Uwata,

Wa alaikumus salam. Mai sunan tsohuwata, ashe kin iya zuba haka a takarda? Ranar da na zo gidanku, "sannu da zuwa" kaɗai na samu, shi ma bango kika gaya wa. Antinki tana amsawa. Jariri yana nan, ya mayar da mu bayi.

Na ji zafin abin da aka yi wa Yaya. Amma ki saurara. Ruwa in ya shiga waya, ba ya duba kalanda, kuma ba ya bushewa ƙarfe sha ɗaya daidai duk mako.

Suwic shi ne mahaɗar ginin. Duk ramin waya da kike gani a bango, zarensa can yake ƙarewa. Tsohon da suke da shi kamar ɗan aiken da ba ya tambaya ne, duk abin da aka miƙa masa sai ya kwasa da gudu. Sabon yana da hankali. Ya fi sauri nesa ba kusa ba. Yana raba hanya, na'urorin gwaji da tasu, baƙi masu latse-latse a benci da tasu, kada wani ya tare wa wani. Yana ma iya ba kyamara da wayar tebur wuta ta zaren nan guda. Abin da ya fi mana amfani kuwa: yana rubuta duk abin da ya faru a kowane rami, in kuma rami ɗaya ya haukace sai ya rufe shi shi kaɗai, sauran ginin ya ci gaba da aiki.

Yanzu tambaya ɗaya, ki ba ni amsa dalla-dalla. Kin ce kina ɗage wayoyi daga ƙasa. In kin ɗage, ina kike ajiye su?

Kawunki kuma ɗanki

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Na gode da amsa.

Yawanci a kan tebur nake ɗora su. Guda ɗaya ce daban. A ɗakin taro, ƙarƙashin dogon tebur, akwai wata shuɗiyar waya. Kanta ɗaya yana cikin bango, ɗayan kullum yana yashe a ƙasa. Gajera ce, in na ɗora ta a tebur sai ta zame. To kusa da raminta akwai wani rami irinsa da babu kowa a ciki. Sai nake cusa kan a nan. Yana shiga daidai, har da ɗan ƙara, ƙyas. Ni har daɗi nake ji, don ta yi lanƙwasa mai kyau kamar hannun kofi, ba ta taɓa ƙasa.

Kawu, da na rubuta wannan sai na tsaya na ƙirga. Wata biyu ke nan da na fara shiga ɗakin taro. Da can Umma ce take yinsa ita kaɗai.

Ni ce, ko?

Asabar ɗin da ta wuce ba mu je ba, kuma maƙwabciyarmu da ke aiki a wurin ta ce komai ya tafi lafiya. Manaja yana ta cewa, "Ba na faɗa ba?" An kafa sabon akwatin ranar Talata, amma me zai faɗa, tunda babu mai cusa wayar yanzu? In na yi shiru, sun tabbatar Umma ce. In na faɗa, za su ce ita ta kawo ni.

Umma ta wanke rigar aikinta ta goge ta, ta rataye a bayan ƙofa. Jiya ta share tsakar gida sau uku.

Don Allah kada ka gaya mata. Ko kai za ka kira Injiniyar?

Auta

*

Uwata,

Sallama da gaisuwa. Share hawayen, na ga inda suka ɓata tawada.

E, wayar ce. Ramukan nan biyu duk akwati ɗaya suke zuwa. Da kika haɗa su, saƙo ya fita ta wannan ya dawo ta wancan, tsohon akwati ya sake turawa, ya sake dawowa, yana ta ninkuwa har ya shaƙe. Na ga ƙato mai gemu da takardun shaida ya yi irin wannan. Ke tsabta ce ta ja miki.

Ba zan kira ba. In na kira, Manaja zai ce ƙanen mai shara ne yake kare yayarsa. Dole su gani da idonsu, kuma hannun da ya yi shi zai nuna.

Ki je wurin Injiniya. Ba sai kin yi dogon bayani ba, ki ce ta biyo ki. Da tsohon akwati ne ba zan ce ki gwada ba, marasa lafiya na zaune. Wannan in an saita shi daidai, ko kwamfuta ɗaya ba za ta yi tari ba. Ki bari ta ce miki to kafin ki taɓa.

Kawu

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi! Bari in ba ka tun daga farko.

Ranar Alhamis na ce wa Umma zan je karɓo ɗankwalina da na manta a wurin. Gaskiya ne na manta shi, ban yi ƙarya ba. Na tarar da Injiniya a ɗakin ƙarƙashin bene. An share shi tas, sabon akwatin yana cikin kabad mai gilashi, kowace waya da lambarta. Na tsaya a bakin ƙofa. Ta juyo ta ce, "Ƙanwata, lafiya? Ko ke ma suwic kike sayarwa?" Sai na miƙa mata wasiƙarka.

Ta karanta, ta dafe goshi, ta ce, "Ɗakin taro! Sau biyu na zo ranar Asabar, kafin in iso ya warke." Ta ɗauki kwamfutarta, ta aika a kira Manaja.

Ya shigo yana cewa, "Wannan ba 'yar mai shara ba ce? In roƙo aka aiko ta, ba ni da lokaci." Injiniya ta ce, "Ranka ya daɗe, minti ɗaya. Ƙanwata, yi yadda kika saba."

Na shiga ƙarƙashin tebur. Sau biyu ina kuskuren ramin. Ƙyas. Na runtse ido ina jiran ihu daga ƙasa.

Babu ihu. Ta cikin bene ina jin injin buga takarda yana ta fitar da sakamako. Injiniya ta juya masa kwamfutar ta ce, "Ka gani? Rami na sha bakwai, ɗakin taro. Ya gane an haɗa shi da ɗan'uwansa, ya rufe shi. Da tsohon ne, yanzu ginin nan duka ya kwanta."

Manaja ya leƙo ƙarƙashin tebur ya ce mini, "Ke wa ya sa ki?" Kawu, ban san daga ina muryar ta zo ba. Na ce, "Don kada ta jiƙe ne. Ba Umma ba ce." Ya ce ai duk ɗaya, uwar ce ta shigo da yarinya wurin aiki.

Sai Injiniya ta ce, "Ginin da yarinya za ta kayar da waya mai tsawon kamu uku, laifin akwatinsa ne. Ni abin da nake so in sani, wa yake barin wayar nan a ƙasa? Kuma wa yake zare ta ƙarfe sha ɗaya?"

Mai Rajista tana bakin ƙofa. Ta rufe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba kai ne kake zama a nan da kwamfutarka duk Juma'a ba? Kuma ranar Asabar in ka iso da faɗa, ba nan kake shigowa ka zare wayar ka jona kwamfutarka don ka rubuta ƙorafi ba?"

Ya kalli wayar. Ya kalli silin. Ya yi gyaran murya ya ce, "To ai ni nake gyara muku ke nan."

Kowa ya fashe da dariya, har shi. Da zan fita ya ce, "Ki ce wa mahaifiyarki ta zo gobe. Ki ce mata na ce ta yi haƙuri."

Da na gaya wa Umma komai, ta daɗe tana kallona. Na zaci duka ne. Sai ta ce, "Ke kika yi magana? A gaban Manaja? Da bakinki?" Ta tashi ta sauko da rigar daga bayan ƙofa. A nan ne ta yi kukan, fuskarta a cikin rigar.

Na gode, Kawu. Allah ya raya jariri.

Taka,
Auta

*

Kawu,

Gaisuwa a gurguje, Direba yana jira.

Yau Asabar mun wanke ginin duka. Kafin tara benci ya zama wayam. Tsohuwar nan ta zo, ko zama ba ta gama yi ba aka kira ta.

Na sake samun shuɗiyar wayar a ƙasa. Na zare ta, na naɗe, na ɗora a kujerarsa da 'yar takarda: "Ranka ya daɗe, wayarka."

Umma tana gaishe ka. Ta ce wai tun yaushe muke ƙulle-ƙulle a bayanta.

Uwarka,
Auta